Tarin da Ya Ƙi Jin Magani: Jawabi ga Al'ummar Jahar Maraɗi

Iyayenmu maza da mata, malamai, ƴan kasuwa, manoma da matasa na Maraɗi, Madarumfa, Ɗan Isa, Gidan Rumji, Tasawa da Gazawa, ina gaishe ku da sanyin hunturu.

Kun saba ganina a gefen shugabanni ina mayar muku da jawabinsu cikin Hausa. Yau jam'iyya ta ba ni dama in yi magana da bakina, a kan wani ciwo da ba a cika kawo shi dandalin siyasa ba, wato ciwon daji na huhu, wanda wasu ke kira kansa.

Kawuna direban babbar mota ne, ya shekara fiye da 20 yana bin hanyar Maraɗi zuwa Arlit, kuma yana shan sigari. Tari ya kama shi da kaka, muka ce sanyi ne. Da ya ƙi wucewa aka kai shi likita, aka ce alamun tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani na wata 6. Ya sha bai tsallake ko kwana ɗaya ba, amma kullum sai ƙara ramewa yake, muryarsa ta dishe, jini ya fara fita cikin kakinsa. Sai a lokacin aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce mu wuce Yamai. Muka sayar da shanun noma biyu da rabin gona. A can aka gaya mana daji ne, kuma ya riga ya bazu. Muka dawo da shi gida, ya yi wata 2 ba ya barci sai a zaune, sannan Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku.

Rai na Allah ne, ba wanda ke musun wannan. Amma watannin da suka wuce ana maganin ciwon da ba shi ne ba, da gonar da muka rasa, da azabar da ya sha babu maganin rage zafi mai ƙarfi, duk abubuwa ne da hukuma ke iya gyarawa. Na tabbata a cikinku akwai gidajen da suka ga irin wannan, sai dai an binne mamacin da sunan tari ko sammu, ba wanda ya san ainihin abin da ya ci shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin dukan ire-iren ciwon daji babu wanda ke kashe mutane kamar na huhu: a shekarar 2018 kaɗai ya ɗauke rayuka fiye da miliyan 1 da dubu 700. Babban sanadinsa taba ne, har ga wanda ba ya sha amma yana zaune cikin hayaƙin mai sha. Bayan taba akwai hayaƙin itace da uwayenmu ke shaƙa a madafa safe da yamma, da ƙurar dutse da samarinmu ke haɗiya a ramukan zinare na Jado, da wata iska marar launi marar wari mai suna radon, wadda ke taruwa a ramukan yuraniyom. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma ramin Akuta za a rufe shi a ƙarshen watan Maris 2021. Ƴaƴan wannan jaha da suka yi aiki a can za su dawo gida. Ciwon huhu kan ɓoye shekaru da yawa kafin ya bayyana. Wa zai riƙa duba lafiyarsu bayan sun dawo?

Abin da ya sa ciwon nan ke cin mutane a ɓoye shi ne kamarsa da tarin fuka: tari, rama, zafin ƙirji, jini a kaki. Majo na gidan likitan ƙauye yana iya aika kaki a auna, amma ba shi da injin ɗaukar hoton ƙirji. Kafin a tabbatar daji ne, sai an yi hoto, an shiga sikana, an tsinko ɗan nama daga huhun an duba shi. Idan an gano shi da wuri, ana iya yin aiki a cire wurin. Idan ya yi nisa, sai maganin ƙarin ruwa da gashi da haske na musamman. To ku ji: a yau da nake muku magana, cikin Disamba 2020, babu asibitin gwamnati ko ɗaya a faɗin Nijar da ke yin wannan gashi. An gina cibiyar yaƙi da ciwon daji a Yamai, amma har zuwa wannan wata na Disamba 2020 majinyata na jiran ranar da injin zai fara aiki. Ko ya fara, daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne. Ga kuɗin mota na majinyaci da ɗan jinya, ga masauki, ga abinci, ga takardar magani da ba ta ƙarewa.

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata ƙofa. Katsina ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, daga can kuma a wuce Kano ko Zariya. Tun watan Agusta 2019 da Najeriya ta rufe iyakarta, sannan korona ta zo ta ƙara kulle, wannan ƙofa ta zama wahala. Kun ga yadda ake ɗora marar lafiya a kan babur a bi ta daji zuwa Jibiya. Ƙasar da talakanta ke satar hanya don neman magani a maƙwabta, masu mulkinta suna da tambayar da za su amsa.

Za su ce muku babu kuɗi. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun sa hannu a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga lafiya, kuma Nijar ba ta cika wannan alkawari ba. A bana kun ji rahoton binciken ma'aikatar tsaro, inda aka yi maganar fiye da miliyar 70 na sefa da suka salwanta a cinikin kayan yaƙi. Kuma idan babba ya yi tari, jirgi ake sa shi zuwa Faransa ko Maroko ko Tunusiya, da kuɗin harajin da kuke biya a kasuwa.

Tun 2007 doka ta ce maganin dajin mama da na mahaifa kyauta ne. Wannan abu ne mai kyau, ko da yake mata da yawa za su shaida muku cewa kyautar ta fi yawa a takarda. Amma mai dajin huhu, namiji ko mace, ba ya cikin wannan doka. Haka kuma muna da dokar yaƙi da shan taba tun 2006, wadda ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Ku shiga kowace tasha ku gani ko ana aiki da ita, ga kuma shisha da ta shigo cikin samarinmu.

Ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauki alkawari. Na farko, kowane asibitin gunduma a jahar Maraɗi zai samu injin hoton ƙirji mai aiki, da ma'aikacin da ya iya shi, kuma duk wanda maganin tarin fuka bai yi wa amfani ba za a yi masa hoto kyauta. Na biyu, za a buɗe sashen ciwon daji a nan Maraɗi, inda za a auna nama a kuma ba da maganin ƙarin ruwa, don kada a je Yamai sai don gashi kawai. Na uku, za a faɗaɗa dokar 2007 ta haɗa da dajin huhu. Na huɗu, za a ƙara haraji a kan sigari, a zuba kuɗin cikin asusun jinyar masu daji da sayen maganin rage zafi. Na biyar, tsofaffin ma'aikatan ma'adinai za su samu katin duba lafiya kowace shekara. Ku adana wannan takarda. Idan muka hau muka manta, ku fito da ita ku tuhume mu.

Kafin nan, ga abin da ba ya jiran zaɓe. Duk wanda tari ya wuce masa mako 2, ya je likita a auna kakinsa, maganin tarin fuka kyauta ne. Wanda ke kan maganin kada ya yanke da kansa, amma in bai ga sauƙi ba ya koma ya nemi a yi masa hoton ƙirji. Mai shan taba ya daina yau, domin huhu na samun sauƙi ko bayan shekaru ana sha. Iyaye mata, a riƙa girki inda iska ke wucewa, a nisantar da goyo daga hayaƙi.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba, ku ɗauki katinku ku fita da wuri, ku tafi da matanku da ƴaƴanku da suka isa zaɓe. Idan kun shiga ɗakin jefa ƙuri'a, ku tuna da wanda kuka yi jinya a gidanku, ku zaɓi canji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Nijar lafiya. Wassalamu alaikum.