Nisan Wata da Kwanakin Tafiyarsa: Jawabi ga Malaman Firamare



A yawancin littattafan da muke koyarwa da su, akan zana duniya da wata dab da juna, domin takarda ba ta da faɗin da za ta ɗauki nisansu na gaskiya. Yaro kuwa abin da idonsa ya gani shi yake riƙewa. Idan ba mu gyara masa ba, da wannan kuskure zai tafi sakandare, wataƙila har ya koyar da shi ga wasu. Shi ya sa muka zaɓi wannan batu a yau.

Matsakaicin nisan wata daga duniya kilomita 384,400 ne. Mun ce matsakaici saboda hanyar da yake bi wajen zagaya duniya tana da siffar ƙwai: wani lokaci yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000, wani lokaci ya yi nisa har ya haura 405,000. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa dare da rana, sai ta yi kwana 160 kafin ta cinye wannan nisa. Jirgin sama mai gudun kilomita 900 a awa zai yi kusan kwana 18. Haske kuwa daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya yake yi.

To, kwana nawa kumbo yake yi? Amsar ta danganta da manufar tafiyar. Kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli 1969, ya isa kewayen wata bayan kwana uku, sannan Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka ranar 20 ga watan. A shekarar 2006, New Horizons ya wuce nisan wata cikin kimanin awa tara, domin Pluto ya nufa, ba shi da niyyar tsayawa. Chandrayaan-3 na Indiya ya tashi ranar 14 ga Yuli 2023, bai sauka ba sai 23 ga Agusta, saboda ya yi ta zagaya duniya yana faɗaɗa da'irarsa sannu a hankali don tattalin mai. SMART-1 na Turai ma ya haura shekara guda a hanya.

Dalilai uku ne suka kawo wannan bambanci. Na farko, duniya tana janyo kumbo baya, gudunsa yana raguwa yayin da yake nisa. Na biyu, wata ba a tsaye yake ba, don haka ana auna inda zai kasance ranar isowa, kamar maharbin da ke harbin tsuntsu a sama. Na uku, mai son sauka dole ya rage gudu, rage gudun kuma mai yake ci, man kuwa nauyi ne.

Yaya za mu kai wannan cikin aji alhali ba mu da ɗakin gwaji? Ƙwallon ƙafa da ƙaramin lemo sun isa. Ƙwallon shi ne duniya, lemon shi ne wata. Duniya talatin ne za su jeru tsakaninsu, saboda haka sai a auna igiya mai tsawon faɗin ƙwallon sau talatin, wato mita shida da rabi ko da 'yar ɗoriya. Yaro ɗaya ya riƙe ƙwallo, ɗaya ya ja igiyar da lemo a hannunsa. Daga nan sai a ba 'yan aji shida su raba 384,400 da 100, su raba amsar da 24, su gano kwanakin motar da kansu.

Akwai kuma amsa ga yaron da ya ji a gida cewa ba wanda ya taɓa zuwa wata. 'Yan Apollo 11 sun bar wani madubi a can, kuma har yau masana suna harba masa haske daga duniya, ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi. Da wannan awon aka gano cewa wata yana nisa da mu da kimanin santimita 3.8 a kowace shekara.

Muna roƙon kowace makaranta ta gwada darasin igiyar kafin ƙarshen zango, ta kawo mana abin da yara suka tambaya a taro na gaba. Iyaye kuma, ranar da kuka fita duban jinjirin wata, ku tambayi yaranku nisansa.