Mai Keke da Lasifika

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan tsaya bayanin yadda ɗumin teku ke haifar da mahaukaciyar guguwa ba. Kowa a zauren nan ya sani.

Saɓanina da abokan aiki ya tsufa. A wurinsu, shirin tarar guguwa shi ne a sayo na'urar hasashen yanayi, a gina ganuwar tare ruwa. Ni kuwa na daɗe ina cewa yawancin waɗanda ruwa ke ci sun ji labarin zuwansa. Wurin gudu ne ba su da shi, ko abin da zai kai su.

Ku dubi Bangaladash. A Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta turo teku kan tsibirai cikin dare, ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta ci kusan 138,000. Da Sidr ta zo a 2007, mamatan sun ɗan haura 3,000. A 2020 aka kwashe fiye da mutum miliyan biyu kafin Amphan ta sauka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai hamsin ba.

Me ya sauya? Tun farkon shekarun 1970 ƙungiyar Red Crescent da gwamnati suka kafa rundunar 'yan sa-kai daga cikin mutanen ƙauye, yau sun kai dubun-dubata. Mutum ne a kan keke, lasifika rataye a wuya, yana bi gida-gida, kuma maƙwabcinka ne, ba baƙo daga birni ba. A kan sanda ana ɗaga tuta ɗaya, biyu ko uku, gwargwadon hatsarin. Mafakar da ake kai mutane kuwa gini ce bisa dogayen ginshiƙai, wadda a ranakun lafiya makaranta ce, don haka yaro ma ya san hanyarta ko da duhu. Abin da ya fi burge ni shi ne tudun ƙasa da ake tarawa, suna ce masa killa, don shanu da awaki. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san manomi ba zai bar saniyarsa a turke ya tsira shi kaɗai ba.

Za a ce guguwowin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na ji. To, wata shida bayan Sidr, Nargis ta faɗa wa Miyanma, maƙwabciyar Bangaladash, wadda ba ta da irin wannan tsari, aka nemi kusan mutum 138,000 aka rasa.

Masu son ganuwa kuma su tuna Katrina, a Agustan 2005. Amurka ba ta rasa tauraron ɗan'adam ba, an yi gargaɗi da kwanaki. Ganuwar New Orleans ta ɓalle, kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Da yawa cikin waɗanda suka maƙale tsofaffi ne da talakawa marasa mota, alhali motocin makaranta na jere a tasha, ruwa ya shanye su.

Buƙatata ga hukumomi ba ta sauya ba. Kafin lokacin guguwa, a ƙirga gidajen da ba su da abin hawa, da tsofaffi, da majinyata, a rubuta wanda zai ɗauko kowannensu. Duk sabuwar makaranta a gaɓar teku a gina ta a matsayin mafaka, da banɗakin mata daban da wurin dabbobi. Bayan iska ta lafa kuma, a fara da ruwan sha, a hana kunna janareta cikin ɗaki, sannan a ba mutane kuɗi a hannu su sayi kwanon rufinsu da kansu.