Motar Farkon Yaro: Me Za a Duba Kafin a Biya Kuɗi?

Yau da iyaye nake magana, da yayye da kawunnai, duk wanda yaro ya tasa shi gaba da zancen mota. Yaro ya gama sakandare, ya samu jami'a ko ya fara fita kasuwa, an gaji da kai shi da ɗauko shi, ga kuma tsoron babur. Sai aka ce a nema masa 'yar mota ta hannu. To, wace iri?

Kafin a je wajen dillalai, a fara duba shekarunsa. A Najeriya ba a ba mutum lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18, ya bi ta makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, an kuma gwada shi. Idan bai kai ba, maganar mota ba ta taso ba, ko da kuwa ya iya juya taka a ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ya fi kowace cuta ɗaukar su. Wannan maganar ita ce ta sa na ɗauko batun yau.

Sabon direba zai yi kuskure, wannan babu makawa. Zai shiga kwana da gudu, zai makara wajen taka birki, ɗan adaidaita zai shigo masa ba zato ya fizgi sitiyari. Abin da ake nema shi ne motar da idan ya yi wannan kuskuren za ta rufa masa asiri. Ita kuwa irin wannan motar sau da yawa ba ita yaro ke so ba. Shi idonsa yana kan mai fulogi shida, mai ruri, wadda abokai za su juyo su kalla. Alhaji, kada ka biye masa. Mota mai fulogi huɗu, inji lita 1.8 ko kusa da haka, ta ishe shi zuwa makaranta da dawowa. Lissafin gudu ba ya tausayin kowa: idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Duk mun ga abin da wasan mota ke jawowa a wajen ɗaukar amarya, kuma yawanci yaran da aka ba injin da ya fi ƙarfinsu ne. Ga kuma kuɗin mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin da ake zama a lissafa.

Ba a banza Corolla ta cika titunanmu ba. Injinta mai haƙuri ne, duk bakaniken bakin titi ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan jibge daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna. Ita ma Pontiac Vibe da jama'a ke so, kada sunan ya ruɗe ku: 'yar'uwar Toyota Matrix ce, injin Toyota ne a cikinta. Honda Civic ma tana cikin sahu. Amma a kula da shekarar ƙira. A Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008, ba kowacce ce ke da birkin ABS ba, wato birkin da ke hana taya ƙamewa ta riƙa jan ƙasa idan an taka da ƙarfi. Akwai kuma na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana, wadda Amurka ta wajabta wa duk sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012. Idan aljihu zai kai ga mai wannan na'ura, wallahi ta fi sabon fenti da kujerar fata amfani ga yaronka. Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 mai fulogi huɗu kuwa, da yawansu an san su da shan baƙin mai, ga shi yaro ba ya tunawa da buɗe bonet. A yi tunani kafin a ɗora masa ita.

Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa, don Corolla biyu za su iya tsayawa gefe da gefe, ɗaya lafiyayya, ɗaya gawa ce aka yi wa kwalliya. Na taɓa raka yayana duba wata mota da zai saya wa ɗansa. Tana ta ƙyalli, an fesa mata turare har yana hawa kai. Bakaniken da muka tafi da shi bai ko kalli fentin ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya tsuguna, ya ɗaga dardumar ƙasa ya cusa hannu. Sai ga busasshen taɓo a yatsunsa. Ya haska tocila ƙarƙashin kujera, ƙarafunan da kujerar ke tafiya a kai duk sun yi tsatsa. Ya jawo bel har ƙarshensa, ga shatin ruwa a jiki kamar bangon gidan da damina ta ci. Ya miƙe ya kaɗe hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ta kwana a ruwa." Da yawa daga cikin motocin da muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, daga wuraren gwanjo na Amurka suke fitowa, bayan kamfanin inshora ya biya mai su saboda haɗari ko ambaliya. Wadda ta yi ƙaramin haɗari aka gyara da kyau, ana iya zama da ita. Wadda ruwa ya ci kuwa, wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar titi.

Don haka ka je da bakanikenka, wanda kai za ka sallama, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso, ka ɗora hannu a kan bonet ka ji ko da ɗumi. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Idan salansa ta fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana ƙona baƙin mai. Idan ka buɗe murfin baƙin mai ka ga abu kamar madarar da ta ɓaci, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a cikin hankici ka bi jikin ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, akwai alamar cikon da mai gyaran bodi ya shafa.

Ga wanda nake roƙon kada a manta. Ka murɗa makulli rabi, kada ka tayar da inji, ka zuba wa dashbod ido. Ya kamata fitilun gargaɗi su kama duka: ta inji, ta ABS, ta balan-balan ɗin kariya. Idan an tayar, sai su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ƙwanta ne don ɓoye matsala. Akwai motocin da balan-balan ɗinsu ya riga ya fashe a can Amurka, aka rufe wurin babu komai a ciki. Akwai kuma matsalar balan-balan na kamfanin Takata, wanda zafi da laima ke lalata sinadarinsa har ya fashe da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar mutum. An kira miliyoyin motoci gyara saboda shi a Amurka, cikinsu har da Corolla da Vibe da Civic da Accord na waɗancan shekarun. Lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17 ce. Da ita ake duba tarihin motar a intanet, a ga ko an yi mata wannan gyaran, ko ta yi haɗari, da nisan tafiyar da ta yi kafin ta baro can. Alama ta goma a jerin tana nuna shekarar ƙira: 5 na nufin 2005, harafin A na nufin 2010. Yaron da kansa zai iya wannan binciken a wayarsa, kuma gara a sa shi ya yi.

Ita wannan lambar dole ta zama ɗaya a jikin mota da takardar kwastan da sauran takardu. Idan an yi amfani da motar a nan gida, a ga mai ita ido da ido, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a canja suna. Ba ma fatan a tare yaro ɗan shekara 19 a shingen 'yan sanda da motar da aka sace a wani gari. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, an mayar da ita naira 15,000 tun Janairun 2023. A yanke ta gaske a kamfanin inshora, a bar ta bakin titi.

Kada kuma a zuba duk kuɗin a farashin mota. A rage na taya. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya kan yi zane raɗau alhali robarta ta tsufa ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu tsakanin Kano da Zariya ba ta raga wa irin wannan. Sababbin taya huɗu, sabon birki, juyen baƙin mai, ruwan lagireto na gaske maimakon ruwan rijiya, duk a yi su kafin makulli ya shiga hannun yaro.

Ranar da za a miƙa masa, Hajiya, ke ma da bakinki a ciki. A watannin farko, ban da tafiyar dare, ban da fita gari, ban da cika mota da abokai, domin hira da zuga ne ke ɗauke hankalin sabon direba. Waya ta zauna a aljihu. Uba ya riƙa zama a gefensa zuwa masallacin Juma'a ko kasuwa, ya ɗaura nasa bel ɗin tun kafin a tayar da mota, ya lura da tazarar da yaron ke bari tsakaninsa da motar gaba. Idan ya ga hannun yaron ya faɗa, sai a ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya.