Jawabin Lafiya: Ƙarin da ke Fitowa a Jijiya

Jama'a, akwai wani ciwon daji da ke tsirowa a jikin jijiyar ji da motsi. Ba shi da yawa, amma yana kisa.

Kusan rabin masu kamuwa da shi suna da wata cuta ta gado. Alamarta ita ce tabo-tabo da ƙululu masu laushi a fata. Cikin masu ita 10, kamar mutum 1 ne ƙululunsa ke rikiɗa ya zama daji.

A lura idan ƙululu ya yi tauri, ko yana girma da sauri, ko yana ciwo dare da rana, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi.

Babban maganinsa tiyata ce, a cire shi duka. Wani lokaci akan haɗa da gashi. Ƙarin da bai kai girman ƙwan kaza ba ya fi sauƙin cirewa. Idan ya bazu zuwa huhu, warkewa na da wuya. Yakan kuma dawo, don haka kada a daina komawa wurin likita.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga. A nufi asibiti da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.