Ina Takardar Nan Ta Shiga a Kwamfuta?



Yau maganarmu kan takardun da muke jibgewa cikin kwamfuta ne. Ku leƙa shagunan buga takardu da ke kusa da Jami'ar Jihar Adamawa a nan Mubi. Ɗalibi ya zo karɓar aikinsa na kammala karatu. Mai shago yana buɗe wannan takarda, yana rufe waccan, duk sunansu kusan ɗaya. Layi ya yi tsawo, janareta kuma yana ta shan mai.

To, wace manhaja za mu ɗora? Ku duba abu biyu.

Na farko, ta yi aiki ko babu intanet. Akwai wata ta kyauta a Windows, sunanta Everything. Ka rubuta rabin sunan takarda, nan take ta fito da ita. Amma fa suna take bi. Saboda haka ka ba kowace takarda suna na gaskiya: sunan mai ita, irin aikin, da shekara. Suna, jama'a, suna.

Na biyu, in kwamfutar ta tafi fa? Mu mutanen Mubi ba a ba mu labari ba. A 2014, da Boko Haram suka shigo gari, mutane sun fita da kayan jikinsu kawai. Ka ajiye kwafin takardunka a Google Drive, wani kuma a filashi, a gidan ɗan'uwa.

Mu kwana nan. Allah ya tsare mu, sai wani jiƙon.