TAKARDAR KOKE DA WANDA TA FAƊO HANNUNSA

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Gwammaja, Kano





Ran da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai da gabana ya faɗi. Tsayawa gaban malaman da suka san irin makin da na riƙa ci a lissafi ba ƙaramin aiki ba ne. To amma an ce kowa ya yi magana a kan abin da ya sani. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin gwamnati, kuma ɗan abin da na sani bai wuce fayil ba. Saboda haka zan yi magana a kan wata takarda da ba a rasa ta a kowane ofis, wato takardar koke, wadda talaka ke rubuta wa hukuma yana neman fanshonsa, ko agaji, ko izinin tafiya.

Bari in fara da yadda na san ta. Ina aji uku a makarantar nan, akwai wani dattijo a layinmu nan Gwammaja wanda ya yi shekara talatin da biyar yana masinja a wata ma'aikata. Bayan la'asar sai ya aika a kira ni, ya buɗe wata tsohuwar adaka, ya fito da takardunsa ƙunshe cikin leda. Yana faɗa da Hausa, ni kuma ina juyawa da Turancin da malaminmu ya koya mana na rubuta wasiƙar ofis. Abin da yake nema shi ne garatutinsa. Kullum in mun gama sai ya ce, “Ɗana, karanta mini in ji, kada ka sa kalmar da za ta ɓata musu rai.” Cikin shekara uku mun rubuta takarda bakwai, ba a amsa ko ɗaya ba. Kuɗin sun fito bayan rasuwarsa da wata tara, aka raba su a gado. Allah Ya jiƙansa. A lokacin na ɗauka Turancina ne bai yi kyau ba. Sai da na shiga ofis na gane cewa kowace takarda daga cikin bakwai ɗin nan ta sauka a teburin wani mutum mai suna, ya gan ta, ya ajiye.

Jama'a, kai kuka ga hukuma tsohon abu ne a garin nan, ya girmi zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya rubuta masa nasiha a kan mulki. Cikin abin da ya gaya masa har da cewa wajibi ne sarki ya riƙa zama kullum inda masu rauni, mata da yara, za su iya isa gare shi da kansu, don kada fadawa su zama katanga tsakaninsa da talakawa. An kuma adana rajistar shari'o'in da aka kai majalisar Sarki Abbas a 1913 da 1914, har wani masani, Allan Christelow, ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1994. Wanda ya karanta zai ga mata, da bayi, da mutanen ƙauye suna zuwa fada neman haƙƙinsu na gona ko gida ko gado, ana saurara ana yanke hukunci.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sai hanyar koke ta ƙara tsawo. Magana ta tashi daga mai unguwa ko dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada, ga kuma Di'o da Razdan a sama. Daga baya takarda da Turanci suka shigo tsakani. Nan aka sami sana'ar masu rubuta wasiƙa, waɗanda ke zama da tebur a bakin gidan waya da ƙofar kotu. Har doka aka yi cewa duk wanda ya rubuta wa marar karatu takarda, dole ya sa sunansa da adireshinsa a ƙasa, don kada ya rubuta abin da ba a ce ba. Fayilolin Lardin Kano na wancan zamani suna nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Abubuwa uku ne suka fi tura mutum ƙofar hukuma. Na farko yunwa. Kakanninmu ba su manta da Kakalaba ba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta zo jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Damina ta ƙi, hatsi ya yi tsada, mutane suka kwararo daga ƙasashen arewa da ke hannun Faransa, ga kuma haraji yana jira. An sake yin 'Yar Buhu a 1927 da 'Yar Gusau a 1942. Iyayenmu da ke zaune a nan kuwa sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu, zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da Buzaye suka cika gari bayan dabbobinsu sun ƙare. A kowace irin wannan shekara roƙon talaka iri ɗaya ne: a sassauta haraji, a kawo hatsi.

Na biyu fansho. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu. Da mazan jiya suka dawo bayan 1945, da yawansu sun shiga bin ofis-ofis, wani na neman aiki, wani na neman kuɗin sallama, wani na neman abin da zai riƙe shi saboda raunin da ya samu. Haka kuma dubban ma'aikatan da aka sallama a 1975 suka bi sawu da nasu takardun.

Na uku tafiya. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, bai nemi izinin kowa ba. Ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu. Amma bayan da iyakoki suka kafu, mai niyyar Makka ma sai da ya koma neman fasfo da takardar izini kafin ya ɗauki sandarsa.

Don kada mu ɗauka mu kaɗai abin ya shafa, bari in ɗan kai ku wata ƙasa da Ingila ta mulka kafin ta mulke mu, wato Ailan, ƙasar da dankalin Turawa da muke kira “airish” a kasuwa ya samo sunansa. Mutanenta sun daɗe suna rubuta irin waɗannan takardu zuwa ofishin Babban Sakataren mulki da ke birnin Dablin, kuma an adana su da yawa. A 1825 gwamnati ta shirya kwashe talakawa kimanin 2,000 zuwa Kanada a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Peter Robinson, sai mutum wajen 50,000 suka nema. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankalin da suka dogara da shi, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, alhali ana ta kai kuka ga hukuma, agajin kuma yana zuwa a makare, bai kuma isa ba.

Abin da ya fi kama ni a tarihinsu shi ne na fansho. A 1908 aka yi dokar ba tsofaffi 'yan shekara 70 sule biyar a mako. To, ba a fara rajistar haihuwa ta kowa da kowa a Ailan ba sai 1864, saboda haka tsofaffin ba su da shaidar shekarunsu. Sai hukuma ta yarda a bincika takardun ƙidayar jama'a ta 1841 da ta 1851, in an ga sunan mutum yana yaro a gidan ubansa, shi ke nan ya sami shaida. Ku duba fa: akawu ne ya zauna ya tono tsohuwar rajista don tsoho ya sami sulensa. A 1922 gobarar yaƙin basasa ta cinye gidan adana takardunsu, yawancin takardun ƙidayar nan suka ƙone, har ya zama takardun neman fanshon su ne suka tsirar da sunayen iyalai da yawa. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kotu yin rantsuwar shekaru zai gane wannan labari.

Mu 'yan Gwammaja kuwa ba ma bukatar zuwa nesa neman misali. Ga gidan Mambayya nan, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Tun bayan kafa NEPU a ranar 8 ga Agusta 1950 har Allah Ya yi masa rasuwa a ranar 17 ga Afrilu 1983, ƙofar Malam wurin kai kuka ce. Wanda aka ɗora wa harajin da ya fi ƙarfinsa, da wanda aka ƙwace wa gona, da wanda aka ɗaure ba bisa ƙa'ida ba, nan suke nufa. Abin da Malam ya koya wa talaka shi ne ya daina ganin haƙƙinsa kamar alfarma. Kukan haraji da jangali da aka yi shekara da shekaru ana yi, sai a 1979 gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi ta share shi da soke su a Jihar Kano.

A yau doka ba ta bar mai koke hannu rabbana ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo don kai mata ƙara. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya da sashe na 210 ga na jihohi, ya tabbatar da haƙƙin fansho da garatuti, ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi in shi ya riga zuwa. A 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo, aka sake gyara dokar a 2014. Dokoki kam ga su nan. Abin da ya rage shi ne mutumin da ke bayan tebur.

Mutumin nan kuwa, 'yan'uwa, yanzu mu ne. In na duba zauren nan ina ganin akanta, da jami'in mulki, da ma'aikacin rajista, da lauya, da wanda ya kusa zama darakta. Kuma ba zan tsame kaina ba. Shekara huɗu da suka wuce wata takarda ta zo teburina daga wata baiwar Allah da mijinta ya rasu yana bakin aiki. Takarda ɗaya ce babu a fayil ɗin. Maimakon in rubuta mata layi biyu in gaya mata abin da ya rage, sai na sa haruffa ukun nan da duk ma'aikaci ya sani, K.I.V., wato a ajiye sai an waiwayo. Ban waiwayo ba sai bayan wata biyar, ran da na ɗaga kai na ga yaro ɗan makaranta tsaye da kwafin takardar a hannu, ya ce shi ya rubuta wa mahaifiyarsa. Wallahi kaina na gani a jikin yaron nan. Aikin da ya rage bai ɗauke ni awa ɗaya ba.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga mu ma'aikata: duk takardar da ta zo hannunka, ka amsa ta, ko da amsar ita ce ba a nan ake yi ba, je ka wuri kaza. Rashin amsa ya fi “a'a” ciwo, domin wanda aka ce wa a'a ya san inda zai nufa, wanda aka yi wa shiru kuwa kuɗin motarsa ne ke ƙarewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Fanshon tsoho gumin shekara talatin da biyar ne.

Na biyu ga kowa da kowa: a adana takardu. Takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta ajiye aiki, da sunan magaji a rubuce daidai. A yi kwafi, a ɗauki hotonsu a waya, a nuna wa iyali inda suke. In za a kai koke, a tafi da kwafi biyu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi. Da dattijon layinmu ya san wannan, da an san teburin da takardunsa suka kwana.

Na uku ga ƙungiya. Mun yi wa makaranta fenti, mun sayi kujeru, madalla. Amma cikin malaman da suka koya mana riƙe alƙalami akwai waɗanda suka ajiye aiki suna jiran haƙƙinsu, akwai kuma iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kunya ba za ta bar malami ya kai kuka ga ɗalibinsa ba. Ina ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, da lauya da akanta a ciki, ya bi su gida-gida cikin sirri, ya duba takardunsu, ya bi fayilolinsu ta hanyar da doka ta tanada, ya kawo rahoto a taron baɗi ba tare da ambaton sunan kowa ba. In an amince, a rubuta sunana farko.

Malamanmu, ku kuka koya mana rubuta wasiƙa. Ku yi mana addu'a Allah Ya ba mu ikon amsa ta. Inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ɗaukaka wannan makaranta tamu.