Sake Gina Mama Bayan Aikin Ciwon Daji: Jawabi Ga Mata Da Mazajensu



Wannan jawabi ya shafi wata magana wadda kunya ta hana a yi ta a bainar jama'a, alhali kuwa rufe ta ya jawo asarar rayuka masu yawa. Maganar ita ce ta matar da ciwon daji, watau sankara, ya kama mamanta, har likita ya ce sai an yanke.

Cikin ire-iren ciwon daji da ke kama mata a Nijeriya, na mama shi ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, wajen 670,000 kuma suka rasu. Abin da ya fi damun likitocin ƙasar nan shi ne yawancin mata ba su isa asibiti sai ciwon ya riga ya yi nisa. Akwai talauci, akwai nisan asibiti, amma akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, shi ne tsoron wuƙa. Mace takan ji ƙululu a mamanta ta yi shiru wata da watanni, domin ta ji labarin wance da ta dawo daga asibiti ƙirji a shafe, miji ya juya mata baya, kishiya ta sami abin gori. Wata ma takan kai kanta asibitin, da jin an ambaci yanka sai ta sulale, ba a sake ganinta sai ranar da aka kawo ta ranga-ranga.

Wannan tsoro ba a banza ya samu ba. Tun daga shekarar 1882 wani likitan Amurka, William Halsted, ya fito da hanyar cire mama duka tare da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata, kuma kusan shekara 90 ita likitoci suka fi bi. Amma ilimi ya ci gaba. A 1981 Umberto Veronesi na birnin Milan a Italiya, sa'an nan a 1985 Bernard Fisher na Amurka, suka nuna cewa idan ƙululun ƙarami ne, ana iya cire shi da ɗan naman da ke kewaye da shi, a bar sauran mama, a bi wurin da gashi na hasken na'ura, kuma matar ta rayu daidai da wadda aka cire wa duka. Ashe ke nan wadda ta zo da wuri ita ta fi samun damar tsira da mamanta. Idan cirewar ta bar rami, likita yana iya janyo naman gefe ya cike shi a cikin aikin nan guda.

To, wadda ba makawa sai an cire mata duka fa? Ita ma ana iya gina mata wani, kuma hanyoyin yin haka iri biyu ne.

Hanya ta farko ita ce ta sanya 'yar jaka mai taushi, cike da silikon ko ruwan gishiri, a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Likitoci biyu na birnin Houston, Thomas Cronin da Frank Gerow, su suka fara sanya jakar silikon a 1962. Sau da yawa fatar da ta rage ba ta isa rufe jakar ba, saboda haka akan fara sanya wata ta wucin gadi, a riƙa ɗura mata ruwan gishiri kaɗan-kaɗan cikin makonni har fatar ta miƙe, kana a musanya ta da ta ainihi. Wannan aiki ya fi gajarta, an fi saurin warkewa. Sai dai jakar ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, naman da ke kewaye da ita yana iya taurara har ya yi zafi, musamman idan an gasa wurin, kuma mai yiwuwa ne a bukaci sake aiki bayan wasu shekaru.

Hanya ta biyu ita ce a gina maman da naman jikin matar kanta, kuma ta girmi ta farko. Tun 1895 Vincenz Czerny na birnin Heidelberg a Jamus ya ɗebo wani curin kitse daga bayan wata mata ya cike mata gurbin naman mama da ya cire. A yau akan ɗebo fata da tsoka daga baya, a zagayo da su ta ƙarƙashin hammata zuwa ƙirji, ko kuwa a ɗebo fata da kitsen ciki na ƙasan cibiya, hanyar da Carl Hartrampf ya bayyana a 1982. Daga baya aka ƙware wajen ɗebo kitsen da jijiyoyin jininsa kaɗai ba tare da yanke tsokar ciki ba, a ɗinke jijiyoyin da na ƙirji a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Maman da aka gina haka ya fi taushi, ya fi kama da na halitta, yana ƙiba yana ramewa tare da mai shi. Amma aikin yana cin awoyi da dama, yana barin tabo a wuri biyu, kuma idan jini bai zaga naman ba yana iya mutuwa. Shan taba, da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, da ƙiba mai yawa, duk suna ƙara wannan haɗari.

Kan mama kuwa, akan ƙera shi daga baya da 'yar fatar wurin, a zana launin kewayensa da tawada.

Ana iya yin ginin a ranar da aka cire maman, ana kuma iya jinkirta shi watanni ko shekaru, har a gama allurai da gashi. Don haka wadda aka yi wa aiki tuntuni ba a rufe mata ƙofa ba. Amma mafi dacewa shi ne a ta da maganar tun kafin a shiga ɗakin tiyata, domin yadda likita zai tsaga, da yawan fatar da zai bari, ya danganta da ko za a gina ko ba za a gina ba.

Wajibi ne a nan a faɗi gaskiya, kada a yi wa kowa romon baka. Maman da aka gina ba ya kawo nono, ko da yake ɗayan mai lafiya yana iya shayar da jariri. Ba ya jin taɓi kamar na da. Tabo yana nan, kuma masu baƙar fata sun fi yin tabo mai tudu, don haka wadda ta san jikinta yana yin haka sai ta shaida wa likita. Ginin ba maganin ciwon ba ne, kuma bincike bai nuna yana sa ciwon ya dawo ba. Maganin ciwon shi ne a gaba. Bai halatta a jinkirta shi don neman kuɗin gini ba.

Wasu sukan yi shakka ko wannan aiki sauya halittar Allah ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a ƙasar Malesiya, ta halatta tiyatar gyara lahanin da ciwo ko haɗari ya jawo, ta kuma ambaci sake gina maman da aka cire a cikin misalanta.

Ba kuma tilas ba ne. Mata da yawa sun zaɓi su zauna haka nan, wasu suna sanya maman roba cikin rigar mama, suna harkokinsu lafiya lau. Zaɓin na matar ne, ba na dangi ba. Abin da ake nema ga maigida shi ne ya raka ta asibiti, ya ji bayanin likita da kunnensa, kada ya zama shi ne mai hana yanka a lokacin da yankan zai ceci uwar 'ya'yansa.

Ba kowane asibiti ke yin wannan aiki ba, kuma yana da tsada. Likitocin gyaran jiki sun fi yawa a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Ibadan, da Legas, da Zariya, da Kano, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Duk matar da aka ce za a yi wa aiki, tana da haƙƙin ta tambayi likitanta ko za a iya barin wani sashe na maman, ko za a gasa wurin bayan aiki, ko akwai likitan gyaran jiki da za ta gani kafin ranar, da kuma nawa ne kuɗin kowane mataki. Idan kunya ta hana ta tambayar likita namiji, sai ta nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya mata, ko ta zo da 'yar'uwarta su tambaya tare.